Alalen Caina a Zangon Kumasi

Saƙo biyu Baba ya ba ni daren da zan tafi. In gaishe masa da ƙanwarsa, in kuma duba masa ko mangwaron da ke ƙofar gidansu a unguwar Aboabo ta Kumasi yana nan. Har na miƙe na kama labule, sai ya ce, kamar wanda abin ya faɗo masa a lokacin, "In kin ga shito mai kyau..." Baƙin yajin nan na Ghana yake nufi. Bai ƙarasa ba, ya mayar da rediyonsa kunne.

Yana yaro ya bar Kumasi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya tattara nasa ya nasa ya bar Ghana. Kakanmu, wanda fataucin goro ya kai shi can tun zamanin Turawa, ya kwaso 'ya'yansa maza uku ya dawo Kano. Matarsa haifaffiyar can ce, sai ta zauna da 'yar autar a kan za a dawo a ɗauke su idan ƙura ta lafa. Ƙura ta lafa, ba a koma ba. 'Yar autar nan ita ce Gwaggo, kuma bikin jikarta ne ya kai ni ƙasar a karon farko.

Hanyar ba ta da wani dogon labari. Jirgi daga Kano zuwa Legas, wani daga Legas zuwa Accra, kuma da yake agogon Ghana yana bayan namu da awa guda, kusan lokacin da muka tashi shi muka sauka. Washegari na hau doguwar bas a tashar Circle da ke Accra. Tsakanin Accra da Kumasi kilomita 250 ne ko kusa da haka, amma sai da muka ci awa shida saboda manyan motoci. A Nsawam mata suka yanyame tagogi da burodi a ka. A Nkawkaw duwatsun Kwahu suka tsaya mana ta hannun dama, gajimare ya rufe kawunansu. Mu da muke lallaɓa bishiya ɗaya a tsakar gida da ruwan wanke-wanke, ganin ƙasar da ayaba ke fitowa a bakin kwalta ba tare da kowa ya kula ta ba har haushi yake ba mutum. Da muka wuce Ejisu, garin Yaa Asantewaa da ta ja yaƙi da Turawan Ingila a 1900, maƙwabciyata ta kujera ta taɓa ni ta ce an kusa.

Babban ɗan Gwaggo ne ya tarye ni a tashar Asafo. Tun kafin in sauke jaka ya ce, "'Yar Kano, sannu da zuwa. Mma ya ce in kawo ki da sauri, amarya ma ya kosa ya gan ki." Na ce masa amaryar taku namiji ce? Ya ce a'a, mu ne dai muke wahalar da kanmu da "ta" da "ya" kamar ba mu da aikin yi. Taubashina ne, babu mai shiga tsakaninmu. Haka Hausar Zango take: ba ta raba mace da namiji a irin wannan wuri, ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ga Turanci da Asantanci suna leƙowa ta kowace kusurwa. Maganganun Gwaggo da zan kawo a nan na mayar da su Hausarmu ne, amma ba haka suka fito daga bakinta ba.

Kwana biyun farko na yi abin da duk Bakano yake yi idan ya je irin wannan wuri, wato na zama malama ba tare da an naɗa ni ba. Da asuba layin ya cika da masu koko da ƙosai, a nan ana cewa "Hausa koko" da "kose". Ga pinkaso, ga masa, ga fula, ga tuo zaafi da rana. Aka kawo min waakye a ganye, shinkafa da wake ne da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, an ɗora mata taliya da garin rogo da ganda da dafaffen ƙwai da shito. Na ce musu ai sunan ma namu ne, "wake" ne aka lanƙwasa. Na ba su labarin ayarin fatake da ke tasowa daga Kano da Sakkwato, tafiyar watanni da jakuna, zuwa Salaga a ƙasar Gwanja su sayi goron da ake kawowa daga dajin Asante, da yadda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar suka bazu garuruwa, wasu daga baya suka gangaro Kumasi. Duk gaskiya na faɗa. Sai dai waɗanda nake faɗa wa jikokin fataken ne, kuma sun fi ni sani. Gwaggo tana jina tana jan carbi. Da na gama ta ce, "To. Gobe ki tashi da wuri, ki faɗa min sunan wani kuma."

Jikina bai bar agogon Kano ba, saboda haka tun kafin kiran sallar farko idona biyu. Bayan mun idar na same ta a tsakar gida ta ɗora wani akwatin ƙarfe a kan murhun gas, mai durowa biyu kamar na ajiye takardu, tururi yana fita ta gefensa. Kusa da ita bokiti ne na farin ƙulli mai ruwa-ruwa, da kiret na ƙwai, da kwano cike da yankakken lawashi. Ta zaro durowa ɗaya, ashe faranti ne mai faɗi. Ta shafe shi da mai, ta juya ƙullin, ta zuba ludayi guda ta karkata farantin dama da hagu har ya game ko'ina, ta fasa ƙwai a kai ta ja kwaiduwar da bayan ludayi, ta watsa lawashi, ta tura. Ta zaro ɗayan ta yi masa haka. Kafin ta gama da na biyun, na farkon ya nuna. Ya kumburo ƙulu-ƙulu kamar yana numfashi, da iska ta taɓa shi ya kwanta. Ta ɗauki wani ɗan ƙarfe irin wanda masu fenti ke kankare bango da shi, ta tura abin daga gefe ɗaya, ya tattaru yana naɗewa kamar an tattare mayafi, ta datsa shi uku ta zuba a faranti.

"Sunansa?" in ji ta.

Na duba. Fari ne sol, sirara-sirara har kana hango ruwan ƙwan ta cikinsa, yana ƙyalli yana rawa. Ba masa ba ce, ba sinasir ba, ba alkubus ba. Na ce ban sani ba.

"Alhamdu lillahi," ta ce. Yaran gidan suka fashe da dariya.

A gidan suna ce masa alalen Caina. Asalinsa abincin karin kumallo ne na mutanen lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin, su suna kiransa cheung fun da harshen yankin, changfen da harshen gwamnati. Ma'anar sunan ta shafi hanji, saboda idan an naɗe shi yana kama da shi, ba don akwai hanji a ciki ba. Gwaggo kayan kicin take sayarwa, kwanuka da kuloli da filas, kuma ta fi shekara goma tana zuwa Guangzhou saro kaya kafin korona ta rufe hanya a 2020. Da ta ce "Gwanzu" na ɗauka gwanjo take nufi, sai da ta harare ni. Unguwar Xiaobei take sauka, inda 'yan Afirka suka fi yawa. "Shi ma zango ne," in ji ta. "Da 'yan Mali, da 'yan Gini, da 'yan Nijar, da naku 'yan Kano masu surutu. Hausa kawai za ki yi a nuna miki masauki."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ta koya. A ƙasan masaukinta akwai wata mata mai wannan sana'a, kullum da safe mutane na layi. Gwaggo ba ta ci, domin yawanci da niƙaƙƙen naman alade ake haɗawa, kuma ko ka ce ƙwai kawai kake so, farantin ɗaya ne. Sai dai ta tsaya daga gefe da kofin shayinta tana kallo. Ba ta jin yaren matar, matar ba ta jin nata. Zuwa uku tana wannan kallo. Ranar nan matar ta yafito ta, ta kama hannunta ta tsoma mata yatsa a cikin ƙullin, ta ɗaga yatsan sama don ta ga yadda yake zuba. Iyakar darasin ke nan. Ta sayi akwatin ƙarfen ta cusa shi cikin kwantenar kayanta, ta dawo Kumasi tana dafa abincin da ba ta taɓa sa wa a baki ba. Sai daga baya ta samu wurin Musulmin Sin da ke yi da naman sa, ta ɗanɗana.

"Yaya kika ji?" na tambaye ta.

"Nasu ya fi laushi. Nawa ya fi daɗi. Su sukari suke sa wa a miyar."

Miyar tasu baƙin ruwan waken suya ne da ɗan sukari da mai. Ita tana zuba shi kaɗan, sauran aikin ta bar wa shito. Shito kuwa, ga wanda bai sani ba, baƙin yaji ne na mutanen Ga na bakin teku: busasshen barkono, garin busasshen kifi da jatan lande, citta, albasa, tumatir, a soya su cikin mai a ƙaramar wuta har sai ya yi duhu ruwan ya ƙone tas, shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba. Na ɗebi loma ɗaya. Abin ya zame a harshe, kafin in ce na tauna ya wuce, ya bar min ƙamshin shinkafa da ƙwai da zafin shito. Faranti uku na ci, ina ci ina cewa ai wannan ba ya riƙe ciki.

Na ce sai ta koya min. Ta ce ba a akwatin ba, tunda ba ni da shi a Kano. Ta sa aka hura gawayi a kurfoti, aka ɗora babbar tukunyar biki, aka zuba ruwa, ta kifa gwangwanin tumatir uku a ciki kamar duwatsun murhu, ta ɗora tiren silba a kai. Murfin ta naɗe shi da tsohon ɗankwali mai tsabta don kada gumin tururi ya ɗigo.

Daga shinkafa aka fara. Ba 'yar turare ba, wadda aka dafa kafin a sheme ta, wannan ba ta yin ƙullin kirki. Ba kuma mai ƙamshin nan ta Tailan da Biyetnam da ta cika shagunan Ghana ba, danƙonta ya yi yawa. Farar shinkafa ɗanya ake so, irin tamu ta tuwo, kuma wadda ta kwana biyu a buhu. Sabuwar shinkafa tana manne wa faranti. "Da tsohuwar zuma ake magani," in ji Gwaggo, tana nuna kanta. Kofi biyu ta jiƙa tun dare, da safe aka markaɗa har sai da ta murza a yatsa ba ta ji tsaki ba, ta tace a rariya mai laushi. Ta ƙara rabin kofi na sitacin rogo, gishiri kaɗan, cokali biyu na man gyaɗa, sannan ruwa. Sitacin shi ke ba shi jan da zai naɗu bai yage ba. Wanda ba shi da halin markaɗe zai iya yi da garin shinkafa mai laushi: kofi ɗaya na gari, kwata na sitaci, kofi biyu na ruwa, a bar shi ya huta rabin awa. Babu yis, babu kanwa, babu jiran ya tashi. Kaurinsa kuma kamar madarar shanu sabuwar tatsa. Da na gani na ce ruwan ya yi yawa. Ta ce in yi yadda na ga dama.

Na yi yadda na ga dama. Hannuna ya saba da alale da ƙullin masa, sai na zuba ludayi biyu da rabi, don a ganina ludayi ɗaya rowa ce. Bayan minti biyar na buɗe, sama ya nuna ƙasa yana ruwa. Na mayar. Abin da ya fito daga ƙarshe tuwon shinkafa ne da aka zauna a kai. Wata jikar Gwaggo 'yar shekara kamar shida ta leƙo ta ce, "Anti ya yi omo tuo." Omo tuo shi ne malmalar tuwon shinkafa a wurinsu.

Na biyu na rage, amma na manta ban juya ƙullin ba. Ɗanyen gari ba ya narkewa a ruwan sanyi, kwanciya yake yi a ƙasa, saboda haka abin da na ɗebo daga sama kusan ruwa ne zalla. Ya fito kamar kunun da ya sha iska. Na uku tiren ya karkace a kan gwangwanayen, gefe ɗaya ya yi kauri ɗayan ya bushe kamar takarda. A na huɗu na ɗaga murfin ta wajena maimakon in ɗaga shi ta can gefe, tururi ya lashe min wuyan hannu. Har yau tabon yana nan, ɗan siriri kamar zanen lalle.

Duk wannan Gwaggo ba ta karɓi ludayin ba. Tana zaune a kujerar tsuguno tana fifita wutar da mafici. Sai da na sa hannu a ruwan sanyi ta ce, "Matsalarki kina jin tausayin wuta. Ku a can komai a hankali, a rufe a tafi a dawo. Wannan ba ya son haka."

Na yi ta juya maganar. Duk abin da muke turarawa a gida na jira ne. Dambu sai an juye an yayyafa ruwa an mayar a madambaci. Alale sai ka ba shi kusan awa. Alkubus sai ya tashi tukuna. Mun saba tururi abokin haƙuri ne, ka ɗora ka je ka yi shara. Wannan kuwa ruwan sai yana tafasa da hauka kafin tire ya shiga, kuma tiren kansa sai ya yi zafi kafin a shafa mai, don ƙullin ya kama nan take maimakon ya gudu gefe guda. Zubin kada ya wuce kaurin kwalin sabulu. Ƙwan ba a kaɗa shi, fasawa ake yi a ja shi, fari a nan ja a can. Minti biyu, in wutar ta isa. Alamar nuna ita ce kumburin nan. Idan an sauke a ba shi ɗan lokaci kaɗan ya sha iska, a shafa wa ƙarfen kankarewar mai, a tura shi da ƙarfin hali a tafi ɗaya. Mai ɗari-ɗari yaga shi yake yi.

Na shida ya naɗu. Bai yi kyan nata ba, amma ya naɗu. Taubashina ya ɗauka ya ɗaga shi sama yana dubawa kamar mai canjin kuɗi, ya ce za a iya ba baƙon da ba a so ya daɗe.

Bikin ya zo ya wuce kamar kowane biki, lalle da kiɗa da anko da rigimar wa aka ba nama wa aka hana. An ɗaura aure, an kai amarya unguwar Tafo. Ni dai kowace safiya ina gaban kurfoti.

Ana jibi zan tafi Gwaggo ta ja ni kasuwar Kejetia. Na san Kurmi, na san Kwari, na san Sabon Gari, amma a nan sai da na riƙe gefen mayafinta kamar yarinya. Shaguna dubbai a ƙarƙashin rufi ɗaya, wasu dubban a waje, 'yan mata masu dako da ake kira kayayei suna ratsawa da manyan kwanoni a ka, yawancinsu daga arewacin ƙasar. Na buɗe baki zan ce "kaya" ma kalmarmu ce, na tuna, na rufe. Ta zaɓar min tire biyu masu shafaffen gindi, tana ɗora kowanne a kan tebur tana danna gefensa don ta ga ko yana rawa. Ƙarfen kankarewar a wurin masu kayan gini muka saya. Da Asantanci ta yi cinikin, da Hausa ta zagi tsadar. Shito kuwa ta ce ba za a saya wa yayanta na kasuwa ba. Daren nan ta kwana a gaban tukunya, hayaƙin barkono ya kori kowa daga tsakar gida.

Mangwaron tun ranar da na iso na duba. Babu shi. A wurin akwai wata 'yar kwantena mai launin ɗorawa inda wani saurayi ke tura wa mutane kuɗi ta waya. Gwaggo ta ce saiwarsa ce ta fara fasa kwata, aka sare shi shekarun baya. Na ce me zan gaya wa Baba? Ta ɗan yi shiru tana ɗaure bakin kwalbar da leda. "In ya tambaya, ki faɗa masa. In bai tambaya ba, kada ki zama malama."

Sati guda da dawowata na yi masa. Na samo tsohuwar shinkafar tuwo a wurin wata maƙwabciya, sitacin rogo kuma sai da na yi wa mai shago rantsuwa ba wanki zan yi da shi ba. Na kai masa faranti da zafinsa, da shiton a gefe. Ya ɗaga naɗi ɗaya da cokali, ya zame ya faɗo. Ya sa hannu.

"Wannan kuma mene ne?"

"Alalen Caina, Baba. Gwaggo ce ta koya min."

"Ita da ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba." Yarinyar da ya bari yake nufi. Ya ci biyu ya ture sauran, ya ce abin kamar mutum yana cin hankici. Sannan ya jawo kwalbar gabansa, ya aika a sayo masa burodi. Yana dangwala yana ci, gumi yana tsattsafo masa a goshi, bai ce uffan ba har ya cinye rabin burodin. Mangwaro bai zo a maganar ba.

Da zan kwashe kwanuka ya dafe kwalbar da hannu. "Bar wannan a nan. In kun yi waya ki ce mata cittar ta yi kaɗan. Ba haka Mma yake yi ba."